Jawabin Mushe Yahuza a Gonar Ila

Ga ta nan ta taso, ku matso kusa.

Ta iso lafiya, kunnuwanmu na wurinki.

To, shekara shida ke nan da Nijar ta samu 'yancin kai, damina ta zauna da kyau a Damargu, gero ya kai gwiwa, kowa ya duƙufa maimai, wato noma na biyu. A lokacin ne wasiƙa ta iso Garin Tata, wani ƙauye mai lakwal, wato makarantar boko, aji biyu, tafiyar yini guda a ƙafa daga Tanut. Wasiƙar ta Tabawa ce. Ita ba ta yi boko ba, sai daraktan lakwal ya karanta mata a bakin danga: ƙanenta Yahuza na tafe, kuma wata guda zai yi.

Tabawa ta nemi kututture ta zauna.

Bari in gaya muku ko wane ne Yahuza, ku san abin da ya zaunar da ita. Uwarsu ta rasu yana shan nono, ubansu ya bi ta bayan shekara biyu. Tabawa ce ta goya shi, ita ta koya masa tafiya. Yana da shekara bakwai Nasara suka ce kowane gari ya ba da yaro a sa lakwal. Wa zai ba da nasa? Aka duba, aka duba, sai ido ya faɗa kan maraya. Ranar da aka ɗora shi bisa raƙumi za a kai shi Damagaram, Tabawa ta bi su da gudu har bayan gonakin gari, sai da mata suka riƙe ta. Daga Damagaram sai Yamai, daga Yamai sai Dakar, har ƙasar Faransa ya taka. Cikin shekara talatin sau uku ya leƙo gida, kowane zuwa kwana biyu. Yanzu ga shi malamin jami'a a Dakar, makarantar da babu wata a samanta, yana karantar da masu gemu. Ita kuwa Tabawa ta yi aure, ta haifi maza biyu, miji ya rasu, furfura ta fara fitowa, amma har yau in ta ji kukan raƙumi da safe sai gabanta ya faɗi.

Ran Asabar babbar motar Tanut ta sauke shi, shi da abokinsa Mushe Lawali (kun san Mushe ake ce wa malamin boko), wani gajeren Badamagare mai son dariya, shi ma malamin jami'a ne, tarihi yake karantarwa. Shi Yahuza falsafa. Da Tabawa ta tambayi mece ce falsafa, Mushe Lawali ya ce, “Yaya, tambaya ce wadda in an amsa ta sai ta haifi biyu.”

“Ashe dai jikokina ma suna yin ta,” in ji Tabawa.

Da suka ci tuwo suka wanke hannu, Yahuza ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Ya ce a Dakar, in midi ya yi ma'aikata sun fito cin abinci, malaman jami'a sukan buɗe wani zaure, kowa ya shigo, da akawu da ɗan dako, a yi magana kan al'amuran duniya. Mene ne adalci, mene ne 'yanci, ina ƙasa ta dosa. Malami ya yi jawabi, mutane su yi tambaya, kowa ya koma aikinsa.

“Shi nake so in kawo gida, Yaya,” ya ce. “Ba ni da gona, ba ni da raƙuma. Wannan kaɗai na iya. In ya karɓu, kowane hutun damina a nan zan yi shi, wata biyu cur.”

Duk dogon bayanin nan, “kowane hutu” shi ya shiga kunnen Tabawa ya zauna. Ta ce, “Midin nan wane lokaci ne?”

“Rana tsaka.”

Rana tsaka, cikin maimai? Maganar ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye. Ta ce a ranta, mutumin da ya ƙetare teku don karatu, ni ce zan gaya masa inda mutane suke da rana tsaka? Wataƙila akwai wata dabara da ya sani. Ta yi shiru. Kun ga kuskurenta ke nan.

Ran Lahadi da la'asar Yahuza ya bi gari ƙofa ƙofa yana gayyata. Duk wanda ya faɗa wa sai ya ce, “To, Mushe, madalla. In Allah ya yarda muna tafe.” Ku kun san wannan amsa. Ba a ce wa baƙo a'a a ƙofar gida, balle ɗan gari da ya daɗe bai zo ba. Shi kuwa ya daɗe inda “muna tafe” alkawari ne. Ya koma da murna, ya sa aka fito da kujerun lakwal duka aka jera a barandar aji.

Litinin da rana tsaka ya tsaya gaban kujeru arba'in. Darakta na zaune a gaba, Mushe Lawali a gefe, sai Baba Ɗanmalam, tsohon da ƙafa ta hana zuwa gona, wanda ya zo don inuwar baranda ta fi ta gidansa sanyi. Yahuza ya jira, ya duba agogo, ya sake jira. Daga baya ya yi jawabinsa kan 'yanci. Baba Ɗanmalam ya yi barci tun a farkon magana, ya farka a ƙarshe ya ce Allah ya ƙara sani.

Talata haka. Laraba ma haka, sai dai darakta bai zo ba, ya tafi Tanut.

Ina Tabawa? Ai ita ma tana gona. Wa zai kai wa 'ya'yanta fura, alhali matansu ɗaya na jego, ɗaya ciki ya tsufa? Ran Laraba dai ta yi sauri, ta ajiye musu ƙwarya, ba ta jira sun sha ba ta juyo. Ta iso lakwal tana haki, ƙafa duk rairayi, ta tarar Yahuza na tattara takardunsa, Mushe Lawali na mai da kujeru cikin aji.

Yahuza ya dube ta. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mata sauƙi.

“Har ke, Yaya,” ya ce.

“Yahuza, fura na kai.”

“Na sani. Kowa da abin da ya kai.” Ya sa takardun cikin jaka. “Ba laifin kowa ba ne. An ba da ni tun ina yaro, an gama bayarwa. Ni ne ban gane ba. Motar Asabar za mu bi.”

“Wata guda ka ce.”

“In zauna in yi me? Mutum arba'in suka ce suna tafe.”

Nan Tabawa ta ji kunyar nan da ta rufe mata baki ta tashi. Ta sauke gammo daga ka, ta ce, “Kai, ɗan nan! Ashe duk karatun nan bai gaya maka ba? Gero na neman maimai, ciyawa ba ta jiran midi. Mutanen Dakar su fito daga biro su tsallaka titi, ga zaure. Namu su bar hauya a gona su yi tafiyar rabin sa'a cikin rana, su dawo? Da wace ƙafa? Wanda ya ce maka yana tafe girmama ka ya yi. Ni kuma da na ji na yi shiru, ni na fi kowa laifi.”

Mushe Lawali ya tsaya da kujera a hannu. “Malamai biyu,” ya ce, “ɗaya ma na tarihin ƙasar nan, babu wanda ya tambayi ina mutane suke cin abincin rana.”

Yahuza bai yi dariya ba. Ya ce, “Ko ma dai mene ne, ba su zo ba.”

“Gobe Alhamis gayyar Ila,” in ji Tabawa. “Gari duka na can. Ka ba ni goben nan. In ba ta yi ba, ni da kaina zan ɗaukar maka jaka zuwa mota.”

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ita kuwa ta ɗauka to ne.

Ila taubashinsu ne, ɗan ƙanin uwarsu, saboda haka tsakaninsa da Yahuza babu kunya, sai tsiya. Tabawa ta same shi bayan la'asar yana gyara ƙotar hauya, ta faɗa masa buƙatarta. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Mushen Dakar zai yi mana wa'azi a gona? Ki kawo shi. Amma kin san dokar gayya, Tabawa. Ba a shan furata, ba a yi mini magana a inuwa, sai wanda ya ja sahu. Ko kumandan ne.”

“Zai ja.”

“Da waɗannan hannuwan kamar na amarya?”

“Ni na goya shi, Ila. Zai ja.”

Gari ya waye, maza sun fi sittin a gonar Ila, sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa da hauyarsa mai doguwar ƙota, irin wadda ake turawa a tsaye. Ganga na tashi a baya. Sai ga Yahuza cikin tsohuwar taguwar marigayi mijin Tabawa, Mushe Lawali na biye da shi da takalmin birni. Aka bushe da dariya. Ila ya miƙa wa kowannensu hauya ya ce, “Mushe, kan ƙarfen shi ke ƙasa, ka ji? Kuma mai dogon ganyen nan gero ne, a bar shi.”

Tabawa ba ta ga abin da idonta ba, tana gida da mata suna dakan fura tun asuba. Amma tana kirɓi tana addu'a, har Jummai matar Ila ta ce, “Yaya Tabawa, turmin nan bai yi miki laifi ba.” Labari dai ya riƙa zuwa da masu kai ruwa: an ce an bar shi a baya, an ce ya sare gero uku, an ce Badamagaren ya tuɓe takalmi, an ce makaɗi ya sa musu waƙa. Babu wanda ya ce ya ajiye hauya.

Da rana ta take tsaka mata suka ɗauko ƙore suka nufi gona a jere. Hawwa Bafillatana, wadda ta kawo nono daga ruga, tana cikinsu. Sun iso ke nan ana tsayawa. Tabawa ta hango Yahuza, taguwa ta manne masa da gumi, yana nuna wani babban gawo yana cewa a je can a huta. Ila ya ɗaga kai ya dubi gawon, tsirara babu ganye ko ɗaya, kamar yadda yake yi kowace damina.

“Jama'a, ku ji malamin jami'a! A can Dakar a inuwar sanda suke zama?”

Wannan karon Yahuza ma ya yi dariya. Aka taru ƙarƙashin aduwoyi uku da ke bakin gona, maza a nan, mata daga gefe. Aka dama, aka sha. Da ya ɗauki ludayi, Tabawa ta ga tafin hannunsa duk ya yi bororo. Ta kau da kai.

Da ƙore suka yi fayau, Ila ya yi gyaran murya. “Taubashina ya ja sahu bakwai. Uku ya yi, huɗu ya ɓata, amma ya ja. Yana da magana. A saurara masa.”

Yahuza ya yunƙura zai miƙe, yadda ya saba a gaban ɗalibai. Tabawa ta yi masa ido, ta nuna dattawa da haɓa. Ya gane, ya koma ya zauna. Ya gai da Baba Maigari, wanda ya fi kowa shekaru a wurin, ya gai da sauran, sannan ya zaro takarda daga aljihu ya fara. Maganar kan haƙƙin ɗan ƙasa ce da dukiyar al'umma. Hausa yake yi, amma Hausar ta takarda ce. Mutane kuwa sun yi aiki tun safe, ciki ya cika da fura, ga iska mai sanyi. Tabawa ta ga ɗaya ya jingina da itace, wani ya rufe fuska da malafa. Baba Maigari ya fara gyangyaɗi. Ta ga Yahuza ma ya gani, muryarsa ta fara ja da baya.

Ba a san Tabawa da magana cikin maza ba. Amma ta tuna motar Asabar.

“Yahuza!” ta ce daga wajen mata. “Ni ban gane dukiyar al'ummar nan ba. Tambaya gare ni. Rijiyar siminti da gwamnati ta gina mana bara waccan, ta wa ce?”

Kamar an watsa musu ruwa. Mai malafa ya tashi zaune.

“Tamu ce, a ƙasarmu take!”

“Taku? Ku kuka haƙa?” in ji Hawwa. “Mu an ce mana ta kowa ce.”

“Shi ya sa shanunku suka mai da bakinta caɓi!”

Yahuza ya ninke takardarsa ya mai da aljihu. Ya ɗaga hannu, ya juya ga dattijo. “Baba, ni na tafi ina yaro. Tsohuwar rijiya yaya ake yi da ita?”

Baba Maigari ya ce gidan Tata suka haƙa ta, kowa ya sani. Baƙo in ya zo da dabbobi sai ya yi sallama ya roƙa, ba a hana shi. In rani ya yi nisa aka tashi yasa, duk wanda ya sha sai ya kawo hannu.

“Sabuwar fa, wa ake roƙa?”

“Babu.”

“Wa ke yashe ta?”

Aka dubi juna. Wani ya ce gwamnati.

“Cikinku wa ya taɓa ganin gwamnati ta zo da guga?” in ji Yahuza. Aka yi dariya. “To ga tambayata, ni ma ban san amsarta ba, a Dakar ma gardamar muke yi. Abin da aka ce na kowa ne, babu mai shi ke nan, ko kuwa kowa ne mai shi?”

Nan fa magana ta kaure. Wani ya ce abin da babu mai shi lalacewa yake yi. Wani ya ce masallaci fa, na wa ne, ga shi ana share shi? Aka ce masallaci akwai lada. Aka ce ruwa babu lada? Mushe Lawali ya kawo labarin yadda ayarin fatake ke bin layi a rijiyoyin hanyar Agadas tun zamanin kakanni, Baba Maigari ya gyara masa wuri biyu, don shi ya bi ayarin da ƙafarsa. Badamagare ya zaro alƙalami yana rubutawa, yana cewa, “Sake faɗi, Baba.”

“Ku da ke nan,” in ji Yahuza, “wane garde, wane ɗan doka ya koro ku gonar Ila?”

“Babu. Gobe shi zai zo tamu.”

“To me ya hana a yi wa rijiya gayya?”

“Rijiya ba ta dama fura,” in ji Ila.

“Ku dama,” in ji Hawwa, “nono namu ne. Amma ku daina shuka cikin burtali, ta ina za mu bi mu zo?”

Wayyo, sai ga sabuwar gardama, ta fi ta farko zafi. Mata suka shiga, Jummai na cewa su da ke jan ruwan kullum babu wanda ya tambaye su. Yahuza na tsakiya, ya tsai da wannan, ya ba wancan, in mutum ya faɗi magana sai ya juya ta ya mai da masa da tambaya. Tabawa ta dubi fuskarsa. Rabonta da ganin ta haka tun yana ɗan shekara shida.

Inuwa ta karkata, liman ya ce azahar ta yi, ga kuma sauran gona. Aka tashi ana gunaguni, babu abin da aka yanke.

“Mushe, ba mu gama ba fa,” in ji Baba Maigari. “Maganar burtalin nan sai an warware ta. Ran Lahadi gayya a gonata. Ka zo da tambayarka, ka zo da gajeren nan mai rubutu.”

Lahadi. Tabawa na tattara ƙore, hannunta ya tsaya. Ba ta ɗaga kai ba.

Sai ta ga inuwar mutum a kanta. Yahuza ne, ya buɗe mata tafin hannuwansa biyu.

“Yaya, waɗannan za su warke kafin Lahadi?”

“In ka bari na shafa maka man shanu, ka daina taɓawa.”

“Sahu nawa ake ja a gonar Baba Maigari?”

“Goma,” in ji Ila daga baya, “kuma shi gerensa ƙirge yake.”

Motar Asabar ta zo ta wuce ba ta ɗauki kowa a Garin Tata ba.

Yahuza ya cika watansa, ya yi jawabi a gayya biyar, ɗaya har a wani ƙauye wajen Ollelewa da suka aiko a kira shi. Daga shekarar nan kowace damina yana zuwa, daga baya ya kawo matarsa da 'ya'yansa, ya gina ɗaki a gidan yayarsa. Noma dai bai taɓa iyawa ba. Mushe Lawali ya dawo sau biyu, ya cika littafi da labaran Baba Maigari kafin tsohon ya rasu. Rijiya an yi mata gayya da rani, Hawwa ta kawo nono, amma gardamar burtali sai da ta ci shekara uku kafin a kafa duwatsu. Ila ya tsufa yana ba da labarin inuwar gawo. Tabawa kuwa ta ga jikokin ƙanenta, ta rasu a ɗakinta wata damina, Yahuza na gari.